Yadda ake gano dalilin kunnuwar fitilar cek da misin ɗin inji a tsohuwar mota

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke dashbod, wadda aka yi wa zanen inji, ba ta faɗin kayan da ya lalace. Iyakar abin da take nufi shi ne ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ga wani abu da ya saɓa wa lissafinta, ta ba shi lamba, ta ajiye. A tsohuwar mota kuwa, sau tari tana kunnuwa ne tare da misin: injin yana karkarwa, mota ba ta ja, fetur yana ƙarewa da wuri. Daga nan ne mutane ke fara harbin iska. Yau a canza filogi, gobe koyil, jibi a wanke nozul, gata a sauke tanki a canza famfo, fitila tana nan ba ta mutu ba. Akwai tsarin bincike da ke hana wannan, kuma mafi yawansa mai mota zai iya yi da kansa idan yana da haƙuri da 'yan kayan aiki kaɗan.

Fara da kallon fitilar kanta

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar da injin. Dole fitilar cek ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, to ko ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire shi ko ya rufe shi don a ɓoye matsala. Duk mai shirin sayen tsohuwar mota ya riƙe wannan.

Idan injin na aiki fitilar ta tsaya cak tana ci, za ka iya ci gaba da tafiya a hankali har ka samu damar dubawa, in dai ba ka ga wutar baƙin mai ko ta zafin inji ta kama ba. Waɗancan jajaye ne, su kam tsayawa ake yi nan take. Amma idan fitilar cek ɗin tana ƙyaftawa, tana kamawa tana ɗaukewa, wannan misin ne mai tsanani. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa cikin salansa, ya je ya kama da wuta a cikin katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, zafin ya narkar da cikinsa. Sassauta totur, rage gudu, kada ka hau tudu da kaya, ka nemi inda za ka tsaya. Katalis ya fi filogi da koyil tsada nesa ba kusa ba.

Mene ne misin, kuma yaya motar ke gane shi

Kowace silinda tana buƙatar abu huɗu kafin ta buga: iska da fetur a gauraye daidai, matsi, tartsatsi, da kuma zuwan kowanne a kan lokacinsa. Gaurayen da injin fetur ke nema shi ne kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya gaza, silindar ta tsallake bugunta. Shi ke nan misin. Duk binciken da ke tafe ƙoƙarin amsa tambaya biyu ne: wace silinda ce, kuma wanne ne ya gaza a cikin huɗun.

Ƙwaƙwalwar ba ta ganin cikin silinda. Tana bin juyin karanshaf ne, babban ƙarfen da bugun silinda ke juyawa, ta hanyar sensa. Duk lokacin da silinda ta buga, karanshaf yana ƙara ɗan sauri, idan ta tsallake sai ya ɗan yi sanyi. Daga wannan jinkirin take lissafa silindar da ta yi laifi. Shi ya sa lambar da take bayarwa ke cewa "silinda ta 3 ba ta buga ba", ba ta cewa "koyil na 3 ya mutu". Dalilin kai za ka nemo shi.

Lura da lokacin da yake yi

Kafin ka taɓa sifana, zauna ka tuna yaushe motar ke yin abin, don rabin amsar tana nan.

Misin da ke fitowa idan ka taka totur da ƙarfi, ko kana hawan tudu a babbar giya, ya fi nuna tartsatsi. Lokacin ne matsin cikin silinda ke ƙaruwa, kuma wuta ta fi shan wahalar tsallaka bakin filogi, sai koyil mai rauni ko waya mai tsagewa ta kasa. Wanda ke yi a sulo ya ɓace idan ka ɗaga injin ya fi nuna iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko bawul da ba ya rufewa sosai. Wanda ke yi da safe na 'yan daƙiƙoƙi bayan tayarwa sannan ya wuce, ka sa ido a kan ruwan lagireto, mai yiwuwa yana ɗiga cikin silinda da dare, ko kuma nozul ne ke yoyo. Wanda ke zuwa bayan ruwan sama ko wankin inji, wayoyin filogi ne ko murfin delko, mai rarraba wuta ga filogai. Wanda ya fara jim kaɗan bayan shan mai, zargi man. Wanda sai mota ta yi zafi yake fitowa, koyil ko sensar karanshaf, domin su biyun suna da halin aiki lafiya da sanyi su kasa da zafi.

Wani abu a gefe: ba kowace karkarwa ce misin ba. Robar da ke riƙe da inji idan ta mutu, sitiyari yana rawa a sulo alhali injin lafiya lau. Je bayan motar ka saurari salansa. Injin mai misin yana yin "fut... fut" jefi-jefi a cikin sautinsa, mai lafiya kuwa sautinsa a jere yake.

Karanta lambar, kada ka goge ta

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket iri ɗaya mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Yawanci yana ƙarƙashin dashbod ta wajen direba, kusa da gwiwa. Ƙaramar sikana ta hannu ta isa, ko ɗan adaftan nan na ELM327 da ake haɗawa da waya ta manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Soka shi, murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka karanta.

Kada ka cire kan batir don fitila ta mutu, kuma kada ka bari a danna gogewa kafin a rubuta komai. Yin haka share shaida ne. Ɗauki hoton duk lambobin, har da waɗanda sikana ta nuna suna jiran tabbaci, wato waɗanda motar ta gani sau ɗaya tana jira ta sake gani kafin ta kunna fitila. Sannan buɗe shafin da aka rubuta Freeze Frame. Nan motar ta adana yanayin da take ciki a daidai lokacin da ta ga matsalar: juyin inji, gudu, zafin ruwa, nauyin da ke kan injin. Idan ya nuna juyi 750 da gudu 0, matsalar sulo ce. Idan ya nuna juyi 2,500 da nauyi mai yawa, matsalar ja ce. Wannan shafi shi zai gaya maka yadda za ka tuƙa motar daga baya don ka tabbatar gyara ya yi.

Lambobin misin suna da sauƙin ganewa. P0301 silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har P0308. P0300 kuwa na nufin misin ɗin yana yawo, ko yana taɓa silinda fiye da ɗaya. Abokan tafiyarsu su ke nuna hanya. P0351 zuwa P0358 layin wutar koyil ne. P0201 zuwa P0208 layin wutar nozul. P0171 da P0174 na cewa iska ta yi yawa a kan fetur, P0172 da P0175 fetur ne ya yi yawa. P0101 zuwa P0103 sensar auna iska, P0335 sensar karanshaf, P0340 ta kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul, P0016 kuma karanshaf da kamshaf ba sa tafiya tare. P0420 katalis ne, amma idan ya zo tare da lambar misin, ajiye shi a gefe tukuna. Idan kuma lambar P0455 ce ko P0457 kuma injin bai canza sauti ba, duba murfin tankin mai, sau da yawa bai ɗauru ba ne ko robarsa ta tsufa. Lambar da ta fara da P1 ta kamfanin motar ce shi kaɗai, sai ka nemi ma'anarta da sunan motar.

Motar da ta girmi waɗannan shekaru tana ba da lambarta ta ƙyaftawar fitila. A tsofaffin Toyota ana haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya a cikin ƙaramin akwatin bincike, a murɗa makulli, a ƙirga ƙyaftawar. Tsofaffin Honda suna da soket mai baki biyu da ake haɗewa haka. Galibin waɗannan motoci ba su da lambar misin ko kaɗan, don haka da hannu za ka nemo silindar, kuma ga yadda ake yi nan gaba.

Buɗe bonet ka duba da ido

Minti goma a nan na iya kashe maganar. Bi babban tiyon da ya taso daga iyakilina zuwa totur, lanƙwasa shi ka duba cikin ninkinsa, can yake tsagewa inda ido ba ya kaiwa. Bi ƙananan tiyoyin da ke manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, ka ga ko wani ya fita ko ya bushe ya fashe. Taɓa soket ɗin koyil da na nozul ɗaya bayan ɗaya, a tsohuwar mota maƙallansu kan karye su zauna sako-sako. Duba wayoyin da ɓera ya ci ko waɗanda suka goga da ƙarfe. Duba ruwa da baƙin mai. Duba kawunan batir da wayar da ta haɗa inji da bodi. Batir mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6 idan mota na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan injin na aiki. Wuta mai rauni tana sa ƙwaƙwalwa ta yi ta zubo lambobi marasa kan gado.

Idan silinda ɗaya ce: gwajin musanya

Da farko tabbatar ka san wace ce wace. A injin da silindojinsa ke jere, yawanci ta 1 ita ce ta wajen bel da fule, amma ba a kowace mota ba. A injin V, mai silindoji a layi biyu, kowane kamfani da tsarin ƙirgarsa, Toyota da Honda da Ford ba su yi daidai ba, don haka nemi zanen naka injin. An sha canza koyil mai lafiya saboda kuskuren ƙirga.

Wanda ba shi da lamba, ya bar injin a sulo ya riƙa cire soket ɗin nozul ɗaya-ɗaya yana mayarwa. Duk silindar da ke aiki, idan ka cire nata, injin zai ƙara shaƙewa. Wadda ka cire ba abin da ya canza, ita ce matacciyar. A mota mai kafireto wayar filogi ake zarewa, da filaya mai roba a hannu, domin wutar koyil ta kai dubban bolt masu yawa. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya kusanci wannan aikin.

A ce lambar P0302 ce, kuma motar mai koyil ɗaya a kan kowane filogi ce. Kashe injin, bar shi ya huce. Ɗauke koyil na 2 ka kai shi silinda ta 4, na 4 ya dawo 2. A lokaci guda ɗauke filogi na 2 ka kai shi silinda ta 1, na 1 ya dawo 2. Yanzu da ka riga ka ajiye hoton lambobin, goge su, ka tuƙa motar a yanayin da ta saba yin misin. Sake karantawa. Idan P0304 ta fito, misin ya bi koyil, koyil ne. Idan P0301 ta fito, ya bi filogi. Idan P0302 ta dawo, to su biyun sun fita daga zargi, saura nozul, wayarsa ko wayar koyil, da matsi. Ba ka sayi komai ba, amma ka raba gardama. A ganina babu wani gwaji a duk harkar nan da ya kai wannan amfani, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Wasu motoci koyil ɗaya ke ba silinda biyu wuta, a inji mai huɗu 1 da 4 tare, 2 da 3 tare. Idan ka ga P0301 da P0304 a lokaci ɗaya, ko P0302 da P0303, koyil ɗin da suka haɗa shi ne abin zargi na farko. A masu wayoyin filogi, musanya wayar idan tsawonta ya kai. Ko ka jira dare, ka tayar da injin a wuri mai duhu da iska, ka fesa wa wayoyin ruwa kaɗan da abin fesawa. Waya mai tsagewa za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta, ka ji ƙas-ƙas. A masu delko, buɗe murfin ka duba tsagewa, danshi, baƙin layi kamar na fensir a cikinsa, da bakin rota ko ya cinye.

Abin da filogi ke faɗi

Kafin ka kwance filogi, haska cikin ramin. Idan baƙin mai ya taru a ciki, gasket ɗin murfin saman inji ne ke yoyo. Man yana jiƙa robar koyil, wuta ta riƙa zillewa ta gefe. Wanda ya sa sabon koyil bai canza gasket ɗin ba ya kashe maciji bai sare kansa ba. Tsane man, ka hure ƙasar da ke ramin don kada ta faɗa cikin silinda. Kuma a kan inji na alminiyam kada ka kwance filogi da zafi, zaren ramin na iya biyo shi, garin neman gira a rasa ido.

Jera filogan bisa tsarin silindojinsu ka kwatanta. Bambancin da ke tsakaninsu ya fi launin kowanne muhimmanci. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, a bushe. Baƙi mai gari kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa ko tartsatsi ya yi rauni. Jiƙaƙƙe mai warin fetur, mai yana zuwa amma ba ya kamawa, wato ko wuta babu ko matsi babu. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana shiga silinda ta ringi ko ta robobin bawul. Fari fat, ko mai ƙuraje a baki, zafi ya yi yawa, fetur bai isa ba. Idan kuma ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da datti, kada ka yi murna, tururin ruwan lagireto ne ya wanke shi.

Duba farin jikin filogin na sama. Siririn baƙin layi da ya gangara a tsaye hanya ce da wuta ta haƙa wa kanta, kuma irinsa yana cikin robar koyil, sai a canza su tare. Auna tazarar baki. Yawancin motoci tsakanin milimita 0.7 da 1.1 suke, ainihin adadin yana littafin motar ko a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Tazarar tana buɗewa da tsufa, kuma filogin da ya buɗe da yawa shi ke wahalar da koyil har ya kashe shi. Filogi na gama-gari yana kai wajen kilomita 30,000, na iridiyam yana kai 100,000 ko fiye. Idan za ka canza, canza duka, da lambar da kamfani ya ce. Fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin ka sa sifana, kuma kada ka matse shi kamar notin taya.

Nozul

Idan misin ya ƙi barin silindarsa, ɗora bakin dogon sukudireba a jikin nozul ɗinta, ka kara kunne a mariƙin, injin yana sulo. Mai aiki yana yin tik-tik-tik a jere. Saurari na maƙwabta don ka san yadda ya kamata ya kasance. Idan shiru, kashe injin, cire soket, ka auna nozul ɗin da mita. Galibinsu suna ba da om 12 zuwa 16, kuma ya kamata duka su yi kusa da juna. Wanda ya fita daban ya mutu. Idan awon ya yi daidai amma ba ya motsi, saƙo ne ba ya zuwa, sai a bi waya. Akwai ɗan ƙwan gwaji da ake sokawa a soket ɗin, yana ƙyaftawa idan saƙo na zuwa.

Nozul na iya yin tik-tik ɗinsa kuma ya kasance a toshe. Wannan sai musanya shi ma, a kai shi wata silinda a ga ko lambar za ta bi shi. Kafin ka buɗe layin mai, cire fis ɗin famfo ka bar injin ya ci har ya mutu don ƙarfin man ya sauka. Sa sababbin robobi, shafa musu ɗan mai kafin sokawa, kuma ka duba yoyo kafin ka rufe bonet. Wannan na motocin da nozul ɗinsu ke fesawa a manifol ne. Masu fesawa kai tsaye cikin silinda ƙarfin mansu ya wuce wasa, a bar wa bakaniken da ya san su.

Awon matsi

Tartsatsi lafiya, mai lafiya, silinda ba ta bugawa: sai matsi. Ɗumama injin, ka bar shi ya sassauta har ya zama ɗumi. Cire filogai duka, cire fis ɗin famfon mai da soket ɗin koyil. Ɗaura ma'aunin a ramin filogi, wani ya take totur har ƙasa ya yi sitata na kamar daƙiƙa biyar, har allurar ta daina hawa. Rubuta, ka wuce ta gaba.

Injin fetur mai lafiya yawanci yana ba da tsakanin psi 125 da 180. Ƙasa da 100 akwai magana. Amma abin dubawa na gaske shi ne tazara: kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A ce ka samu 165, 90, 160, 170. Zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a silinda ta 2 ka sake aunawa. Idan ta yi tsalle zuwa wajen 140, ringi ne suka ci, man ya toshe musu na ɗan lokaci. Idan ta tsaya a 90, bawul ne ko gasket ɗin kan inji. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Idan duka suka yi ƙasa daidai wa daida kuma abin ya zo farat ɗaya, duba tamin, wato saitin da ke sa karanshaf da kamshaf tafiya tare, bel ko sarƙa ta tsallake haƙori.

Kafin a ce a sauke kan inji saboda bawul, a tambaya ko injin irin wanda ake saita bawul ɗinsa da hannu ne, kamar tsofaffin injinan Honda da dama. Bawul ɗin da tazararsa ta matse ba ya zama sosai, matsi ya zube, kuma saiti kawai yake so. Idan aka bar shi ya daɗe a haka, ƙonewa yake yi. Alamomin gasket kuwa ba sa ɓuya: ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri ko bayan mota ta yi zafi, kumfa na tasowa a lagireto, tiyon ruwa ya yi tauri da wuri bayan tayarwa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi don ka duba.

Idan P0300 ce, ko silinda da yawa

Da wuya koyil huɗu su mutu rana ɗaya. Nemi abin da duk silindojin suka yi tarayya a kai. Idan filogai sun tsufa, fara da su. Bayan nan sikana ce za ta yi aiki.

Buɗe shafin bayanan kai tsaye ka nemo STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita gauraye. Haɗa su biyun. Tsakanin −10 da +10 cikin 100 ba damuwa. Sama da haka, motar tana ƙara mai ne saboda tana ganin iska ta yi yawa. Karanta a sulo bayan inji ya yi zafi, sannan ka riƙe shi a juyi 2,500 ka sake karantawa. Idan a sulo +18 ne, a 2,500 ya sauko +4, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Dalili kuwa, a sulo iskar da injin ke ja kaɗan ce, sai 'yar wadda ta kutso ta zama babban kaso, da ka ɗaga shi sai ta nitse a cikin mai yawa. Idan kuma a sulo lafiya, da ka ɗaga ko ka ja sai lambar ta hau, to mai ne ba ya isa, ko sensar auna iska tana ƙirga ƙasa da abin da ke shiga. A injin V kwatanta ɓangarorin biyu. Idan ɗaya ne kawai ya karkace, famfo da filta sun kuɓuta, tunda su duka biyun suke ba mai.

Don nemo inda iskar ke shiga, ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana bin gefen manifol da tiyoyi da shi har ka ji tsiii. Ko ka fesa ruwa a mahaɗan, sautin injin zai canza idan ka dace da wurin. Wasu suna fesa maganin wanke kafireto, yana aiki, amma a kan inji mai zafi da tartsatsi ke zillewa gobara ce. Na'urar da ke hura hayaƙi cikin manifol don a ga inda yake fita ta fi duka. Kada ka manta da bawul ɗin PCV, mai janye tururin cikin inji zuwa manifol, da tiyonsa, da babban tiyon da ya tafi bustar birki, gangar nan da ke ƙara wa birki ƙarfi.

Sensar auna iska ana wanke ta da maganin da aka yi dominta kawai, ba a taɓa siririyar wayarta da komai, a bar ta ta bushe kafin a mayar. Ƙarfin mai kuwa da ma'auni ake sanin sa, jin kukan famfo ba hujja ba ce. Yawancin motocin nozul suna tsakanin 3 da 4 a awon bar, kuma bai kamata ya faɗi ba idan an taka totur. Filtar mai da ta toshe tana kwaikwayon mataccen famfo. Idan motar tana da regileta mai ƙaramin tiyo a kan layin nozul, zare tiyon ka shinshina, idan da fetur a ciki robarta ta fashe, mai yana kwarara cikin manifol. Idan kana zargin man, tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa.

Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, idan datti ya hana shi rufewa yana sa karkarwa a sulo wadda ke wucewa da tafiya. Sensar karanshaf mai shirin mutuwa tana sa mota ta yanke farat ɗaya, allurar juyi ta faɗi, ta ƙi tashi sai ta huce. Katalis da ya toshe kuma yana sa mota ta tashi lafiya amma ta kasa wuce wani gudu komai takun da ka yi. Ƙwaƙwalwar motar tana lalacewa, amma ita ce ta ƙarshe a layin zargi, bayan an tabbatar wuta da wayoyi suna isa gare ta lafiya. Sensar iskar salansa ma ana yawan ɗora mata laifin da ba nata ba. Silindar da ba ta buga ba tana tura iskar da ba a ƙone ba cikin salansa, sensar ta faɗi abin da ta gani, sai a kama ta a canza.

Bayan gyara

Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Goge lambobin, ka tuƙa motar a irin yanayin da Freeze Frame ya nuna, da sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Rashin ganin fitila a ranar farko bai isa ba, domin matsaloli da yawa sai motar ta gan su a tafiya biyu kafin ta kunna. Sake soka sikana ka duba lambobi masu jiran tabbaci. Sikanar da ke da Mode 6 tana nuna ƙirgar misin na kowace silinda a motoci da yawa, nan za ka ga ko ya koma sifili tun kafin fitila ta ce komai. Idan ba ka goge ba, fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta dawo ba.

Idan motar ta daɗe tana misin, zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana bin bangon silinda ya sauka cikin man ya tsinka shi, idan ka ji warinsa ko ka ga man ya ƙaru, yi juye da filta. Sai a dawo kan P0420 da aka ajiye a gefe. Ka ba ta kwanaki kaɗan na tuƙi bayan misin ya tafi. Idan ta dawo, a duba ko salansa na yoyo a gaban sensa kafin a yanke wa katalis hukunci.